Hedifon Ɗina da Irin Gyaɗar Inna

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da Inna ta ba ni tsaron shanya ba. Lokacin na gama bautar ƙasa na dawo gida Gummi, aiki shiru, ni kuma mutum ne da zama wuri ɗaya ke yi wa wuya. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa zaure, in duba waya ko an kira ni aiki, in sake dubawa. Abu ɗaya ke iya zaunar da ni, gem ɗin harbe-harbe da muke yi a waya da abokaina na makaranta, kowa daga garinsu.

Saboda gem ɗin ne na sayi hedifon da ragowar alawus ɗina, ƙato, mai makirfo da ke lanƙwasowa gaban baki kamar na matuƙin jirgi. Gaskiya abin ya yi. Soson kunnensa laushi, sai ka yi awa uku da shi bai matse ka ba, ko da zafin bazara. Sauti kuwa, in abokin gaba yana sanɗa za ka ji takunsa, har ka san ta hagu yake ko ta dama. Abin da mai shagon ya fi yabawa shi ne yadda yake toshe hayaniyar waje gaba ɗaya. (Ni kuma da wayona, jin haka ne ya sa ko ragi ban nema ba.)

Inna tana da wani irin gyaɗa, ja, ƙananan ƙwaya masu mai, wanda ta gada daga mahaifiyarta ta Gwashi. Ba a samunsa a kasuwa. Da shi take ƙuli-ƙulinta da man da unguwa ke layi a kai. An yi ruwan shuka, ta kwana huɗu tana ɓara har babban yatsanta ya kumbura, ta tara tiya shida. Ranar ta baza a tabarma tsakar gida ya sha iska, gobe a kai gona, ta yafa mayafi za ta barka.

"Auta, ga gujiyata nan na shanya," ta ce. "Ba a ɗaure bisashe ba tukuna, awaki na yawo. Ka zamna nan ka sa ido."

Na ce, "Haba Inna, mutum da digiri ya kasa tsaron tabarma?"

Ta dube ni, ta fita.

Na yi tsaron da gaske, na kusan minti goma. Na ƙirga ƙudaje, na karkaɗa ƙafa, na tashi na leƙa waje ko akwai abin kallo, na dawo ban sa sakata ba. Sai ga saƙon Bashir, abokina na Kano, wai su uku suna jira, saura ni. Na ce wa kaina zagaye ɗaya kawai, ai ido nake tsaro da shi, ba kunne ba. Matsalar ita ce a gidanmu sabis ba ya kamawa sai jikin katangar gabas. Na ja kujera can, na juya wa tabarma baya, na kifa hedifon. Duniya ta yi tsit.

Zagaye ɗaya ya zama uku. A na ukun mun kai ƙarshe, saura ƙungiya biyu, sai Bashir ya ce, "Wai kai a kasuwar dabbobi kake ne? Kukan akuya nake ji."

"Ka maida hankali, akwai mutum bayan motar can," na ce.

Can kuma ya ce, "Wallahi tauna nake ji, ƙurus-ƙurus. Me kake ci ba tayi?"

Kun san abin da na yi? Daɗi na ji. Na ce masa ingancin makirfo ke nan, har na gidan maƙwabta yana ɗaukowa, shi ma ya daina rowa ya sayi irinsa. (Har sunan shagon na ba shi.)

"To akwai matar da ke ta kiran Auta," in ji shi. "Yanzu kuma wata na salati."

Daidai nan na harbe na ƙarshe. Na yi tsalle, hannuwa sama, ina ihun nasara, na juyo.

Awaki biyar ne a kan tabarma, ɗaya har ta kwanta don ƙoshi. Inna na tsaye bakin ƙofa da ƙawayenta biyu da suka rako ta. Bisa katanga kuma ga kan Hajo, matar maƙwabcinmu, wadda ba ta fita sai da izinin miji, ta taka turmi tana ta kirana tun shigowar akuyar farko. Da ta gaji ta fara jifa. Takalmanta duka biyu na nan kusa da kujerata, da murfin kwano. Ni kuwa ina tsaye da hannuwa a sama, wata fitila shuɗiya tana walƙiya a kunnena.

Da Inna ta zage ni da na ji sauƙi. Durƙusawa ta yi, ta kori awakin, ta dinga tsince abin da ya rage cikin ƙasa da yawu, ɗaya-ɗaya, da yatsan nan nata mai kumburi. Bai cika tiya ba. Sai da ta gama ta ɗago.

"Allah ya ba ka kunnuwa lahiya lau," ta ce, "kat tahi kas sayo kurumta da kuɗinka."

Na zare hedifon a hankali. Ashe ban kashe makirfo ba. Daga cikin soson kunnen, wata 'yar murya ta fito, kowa na ji: "Inna, don Allah a yi haƙuri, mun gaya masa." Ƙawayen Inna suka toshe baki da mayafi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ƙarƙashin kunyar akwai tausayin Inna da ya hana ni cin tuwo.

Washegari na hau babur har Gwashi wurin ƙanwar Inna roƙon iri. Ta riga ta shuka nata, tiya ɗaya ta rage, ta ba ni bayan ta sa na maimaita labarin sau biyu gaban mutanen gidanta. Abin da muka shuka ke nan, sauran gonar aka sa wake. Da kaka ta yi, Inna ba ta taɓa ko ƙwaya ba, duka ta ajiye iri. Shekarar babu ƙuli, babu mai, kuma duk yaron da aka aiko saye sai ta nuna ni ta ce, "Tambayi mai digiri." Da shuka ta zagayo ni na ɓare tiya shidan nan, ni kaɗai, har nawa yatsan ya kumbura.

Hedifon yana nan, laushinsa bai ragu ba, sautinsa ma haka. Sai dai yanzu kunne ɗaya nake sa wa, ɗayan na bar wa gida. Kuma na koyi cewa in mutumin da ke Kano ya ce maka akwai akuya a gidanku na Gummi, kada ka tsaya yabon makirfo, ka waiwaya.