Dubai ta Palladan

Ko na tsufa har na manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da na tsaya gaban majalisar ƙaramar hukuma ina rantsuwa cewa ban taɓa shiga jirgi ba.

Lokacin ina sabon kansila, ina ji da kaina, ko ruwa zan sha sai na gyara babbar riga. Sai basir ya sa ni a gaba, irin wanda ba ya jin jiƙe-jiƙe, likita ya ce sai aiki. To, Honorabul guda a ce an yi masa aikin basir? 'Yan adawa su ji, ai har waƙa sai sun yi mini. Sai na sanar a ofis cewa zan leƙa Dubai ganawa da masu zuba jari. Aka yi aikin a ɓoye, na tare gidan yayata Asabe a nan unguwar Palladan, ina kwance rub da ciki, tana haɗa mini ruwan ɗumi da gishiri ina zama a ciki safe da yamma.

Da na samu sauƙi, tunda ba a dawowa daga tafiya hannu rabbana, na sa aka kwaso mini tsaraba a kasuwar Sabon Gari, turare da dabino da carbi. Wani ɗalibi a Samaru ya haɗa mini hoto ina tsaye gaban dogon bene (har zaman hulata ya gyara, Allah ya yi masa albarka). Jama'a suka yi ta zuwa barka da sauka. Na ba da labarin Dubai har ni kaina na fara kewarta. Filon da nake ɗorawa a kujera kuwa, na ce haka manya ke yi a can saboda lafiyar baya. Wasu kansilolin har suka sayi nasu.

Ana haka, ranar zaman majalisa Ciyaman ya gyara murya.

"Doka ta zo daga sama," in ji shi. "Duk mai muƙamin da ya fita ƙasar waje bana, ya kawo fasfo, ya faɗi wanda ya ɗauki nauyinsa. In ya kasa, dakatarwa ce."

Kowa ya juyo kaina, zauren yana ta ƙamshin turarena. Ni ko fasfo ban taɓa mallaka ba. Na auna kujerata da kunyata, na ga kujera ta fi.

"Ranka ya daɗe, ban je ko'ina ba."

Honorabul Tanimu, wanda ya daɗe yana neman inda zai kama ni, ya ɗaga waya. "Ga shi nan gaban bene! Dabinonsa ma yana gidana. Ɓoye ubangidansa yake son yi."

Kun ji masifa, ƙaryar ta yi kyau har ta ƙi mutuwa. Na yi rantsuwa, aka ƙi yarda. Ciyaman ya ce in ina da shaida in kawo yanzu. Na kira Yaya Asabe a waya, na buɗe murya kowa ya ji, da niyyar ta ce kawai a gidanta na zauna. Ko sallama ban gama ba ta karɓe.

"Kai Ɗanladi, ka zauna cikin ruwan ɗumin yau kuwa? Kar ka ga wurin ya daina zafi ka koma cin yaji. Kuma ka aiko a ɗaukar maka bahonka."

Kansilan da ke kusa da ni ya zare filonsa a hankali ya tura ƙarƙashin tebur. Ciyaman ya daɗe yana kallon silin, kafaɗunsa na rawa, sannan ya ce majalisa ta gamsu, Allah ya ƙara sauƙi.

Kujera dai ta tsira, amma har na sauka, in na miƙe zan zagaya sai wani ya ce, "Honorabul, a yo mana tsaraba." Tun daga ranar na gane cewa ciwo a faɗe shi da sunansa ya fi arha. Yanzu ko nan unguwar Jushi zan je gaisuwa sai na bayyana, har da wanda ya biya mini kuɗin Keke.