Jirgin da Na Hana Nutsewa

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, ko da zan manta lambar wayata. Ƙal! Ƙal! Ƙal! 'Yar ƙaramar ƙara ce, kamar ana jifan kwano da tsakuwa, amma ita ta tona mini asiri a gaban jama'a, da matata, da wani dattijo da ya ba ni amana na ci. Ni fa, malamin injiniyanci a wata jami'a a Bukit Jalil, can ƙasar Malesiya, wanda ɗalibai ke addu'ar kada a ba shi tsaron jarrabawarsu saboda ba ya ɗaga wa mai satar amsa ƙafa.

Dattijon maƙwabcinmu ne a benen da muke haya, ɗan Malesiya ne Basine, tsohon makanike, kowa Ankul Lim yake ce masa. A lif muka fara haɗuwa, yana rungume da wani jirgin ruwan yaƙi da ya fi mita tsawo. Na ɗauka na jikansa ne. Ya ce a'a, nasa ne, kuma in ina da lokaci ranar Lahadi in zo in ga yadda ake nutsar da shi.

Na je na gani. Manyan mutane ne, wasu da furfura, kowa da tabarau na kariya da rimot a hannu, suna tuƙa ƙananan jirage suna harbin juna da ƙwallayen ƙarfe irin na boris. Jikin kowane jirgi da siririn katakon balsa ake rufe shi, wanda ko farce ka sa sai ya lotsa. Harsashi ya huda, ruwa ya shiga, ɗan famfon da ke ciki ya yi ta kwasa har ya gaza, jirgi ya tafi ƙasa. Sai ka ga wani ɗan ƙwallo ja ɗaure da zare ya taso saman ruwa, mai jirgin ya bi shi ya tsamo kayansa, ya liƙe hudojin da gam, a koma fage. Abin ya shiga raina nan take. Abu ɗaya ya hana ni sakewa: tafkin da ake wasan a ciki tsohon ramin haƙar kuza ne a bayan gari, an cike wani lungunsa da yashi har bai wuce ƙirji ba. Ni haifaffen Bukuru ne, na san launin ruwan nan. A irinsa ƙanena Sabitu ya nutse yana da shekara tara, ni ina da goma sha biyu, kuma ni aka ce in kula da shi. Sai da aka kwana biyu kafin a same shi. Tun ranar ban ƙara sa ƙafa cikin ruwan da ya wuce idon sawu ba.

Ban gaya wa Ankul wannan ba. Abin da na ce masa shi ne ina so in shiga.

A mamak ɗin da ke ƙasan benenmu, wato shagon shayi da abinci, muka zauna zaɓen jirgi. Ya baje hotuna tsakanin kofunan shayi, ni kuma na miƙa yatsa kai tsaye kan mafi girma, mai bindigogi gaba da baya (ai girman kai rawanin tsiya ne, kuma na daɗe da naɗa nawa).

"A'a lah, Dakta," in ji shi. "Wannan sai wanda ya shekara biyar. Sabon shiga da kuruza yake farawa. Matsakaicin jirgi ne, bindiga biyu, famfo ɗaya, yana shiga kujerar bayan mota, kuma in ya nutse mutum ɗaya zai iya ɗaga shi."

Ya ware guda biyu. Ɗaya siriri ne mai gudu, wuyar samu gare shi, amma huda kaɗan ke kai shi ƙasa. Ɗayan mai faɗin ciki ne, ba ya sauri, yana shan harbi kafin ya gaji. Na daɗe ina kallonsu, sannan na tambaye shi wanne ne ba ya nutsewa.

Ya yi dariya har yana tari. "Duk suna nutsewa. Nawa ya nutse ya fi a ƙirga. Wasan ke nan."

Na ɗauki mai faɗin cikin. Ashe yana da ƙwarangwal ɗin irinsa a ajiye, wanda ya sassaƙa da hannunsa shekarun baya. Ya ba ni kyauta, ya koya mini yadda ake lulluɓa balsa a kansa, ya kuma tsaya mini a ƙungiya, domin al'adarsu ba a karɓar baƙo sai wani na ciki ya ce ya yarda da shi. Wata biyu ina aikin nan a baranda duk Asabar. Da na gama fenti na ɗora shi kan tebur, sai na tsaya ina kallonsa. A takardar rajistar ƙungiya sunan wani tsohon jirgin Turawa na rubuta, amma a zuciyata tun tuni na raɗa masa Sabitu. Na yi tunanin in tsaya a bakin ramin kuza in ga ya karkata, ruwa ya rufe shi ina kallo. Wallahi na kasa.

To, a nan ne ilimin ya yi mini rana ta banza. Na sayo lemon gwangwani, na juye wa yara a jug, na yayyanka gwangwanayen na miƙar da su, na liƙa ta ciki, bayan balsa, daga gaba har baya. Na auna nauyi, na rage dalmar da ke ƙasa don kada jirgin ya nuna alama a ruwa. Aiki ne mai kyau, da ɗalibina ne ya yi da na ba shi maki. Matata Hadiza ta leƙo ta ce, "Abban Ilham, yaushe ka fara yi wa yara rabon lemo ba su roƙa ba?" Na ce mata ai sun yi ƙoƙari a makaranta.

Dokar wasan a fili take, kuma na karanta ta. Kafin a shiga ruwa, ana kwantar da jirgi, a saki wata sandar tagulla ta cikin bututu ta faɗo kan jikinsa. In ta huda, jirgi ya halatta. Ankul Lim ne mai riƙe da sandar nan shekara da shekaru, ba a taɓa jin an yi jayayya da shi ba. Ranar da na kai nawa, ina ta shirya ƙaryar da zan yi. Sai ya shafa jikin jirgin kawai, ya ce wa sauran, "Na Dakta ne, boleh, ya wuce. Ni na koya masa, ba sai mun ɓata masa sabon fenti ba." Da ina da sauran kunya, a nan ya kamata in yi magana. Na yi shiru, har da murmushi.

Hadiza ta zo, da kular masa da ta soya wa 'yan ƙungiya, bayan ta gama sanar da matan 'yan uwanmu na Najeriya cewa yau Dakta zai fita yaƙi.

Minti biyar na farko lafiya lau, don ba wanda ya kula ni. Sai wani mai suna Ravi ya zagayo da jirginsa ya jera da nawa, ya sakar mini wuta daga kusa. Ƙal! Ƙal! Ƙal! Balsa in an harbe ta ba ta kuka, shiru take haɗiye harsashi. Nawa kuwa har amsa-kuwwa yake. Ravi ya sake harbi, ƙarar ta sake tashi, famfona ko ɗigo bai tofar ba. Ɗaya bayan ɗaya jirage suka tsaya cak. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya zage ni, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Hadiza ce kaɗai ba ta gane ba, tana tafi tana cewa, "Ma sha Allah, naka ne bai huje ba!"

Ankul ya ce in fito da shi. Ya kwantar da jirgin kan tebur, ya ɗora bututu, ya saki sanda. Ta yi tsalle ta faɗi cikin ciyawa. Ya buɗe murfin sama ya leƙa, sannan ya sa ɗan yatsa ya ɓanɓaro guntu ɗaya ya ɗaga. Ga hoton lemon zaƙi nan a jiki, rabi a yanke. Na ji Hadiza ta ce "Innalillahi" a hankali, ta rufe kularta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bai dube ni ba. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauko sandar daga ciyawa, ya goge ta da rigarsa, ya miƙa wa Ravi. Ya ce, "Ni na ce ba sai an gwada ba. Laifina ne. Daga yau kai za ka riƙe." Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Wannan ya fi komai ƙona ni, kuma har yanzu yana ƙona ni.

A mota, da muka kusa gida, Hadiza ta juyo ta dube ni. "Kai da ka sa aka kori ɗan mutane kan 'yar takarda a cikin safa," ta ce. Da na gaya mata sunan da na raɗa wa jirgin, sai ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma ba ni za ka gaya wa ba, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa."

Kwana huɗu ina bin matakala hawa tara don kada mu haɗu a lif. Rana ta biyar na je. Na gaya masa komai a tsaye, da Bukuru, da ramin, da kwana biyun da muka yi muna jira a bakin ruwa. Na ce ba uzuri nake kawowa ba, na cuce shi, ya yafe mini.

"Da ka faɗa mini a mamak," ya ce, "da na fara nuna maka zaren kafin bindiga." Ya koma ciki ya ɗauko wuƙar aiki da sabuwar balsa. "Je ka cire sharar gwangwanin nan, lah."

Bayan wata guda aka bar ni na dawo. Ravi ya gwada jirgina wuri shida, duk ya huje, ni na liƙe su a gaban kowa. Muna shiga ruwa Ankul da kansa ya jero da ni, bai ji tausayina ko kaɗan ba. Famfo ya yi ta tofarwa, jirgin ya karkata hagu, gindinsa ya zauna, hancinsa ya ɗaga, ruwa ya rufe shi. Sai ga ɗan ƙwallon ja ya ɓullo yana lilo.

A ƙa'ida mai jirgi ne ke tsamo abinsa. Na cire takalmi, na yi bisimilla, na shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ina jin taɓo na shiga tsakanin yatsuna, ina jin ƙarar wani yana biyo ni a baya. Ankul ne, da shekarunsa saba'in. Na kama zaren na bi shi ƙasa da hannu, na taɓo ƙarfen bindiga, na ɗago shi gaba ɗaya na rungume, ruwa na zuba ta hudoji. Na yi kuka a wurin, kuka sosai, mutum mai digiri uku riƙe da abin wasa. 'Yan ƙungiya suka yi kamar suna duba batir.

Yanzu in sabon shiga ya tambaye ni wane kuruza zai fara da shi, nakan ce ya bar neman wanda ba ya nutsewa, ya ɗauki wanda zai iya shiga ruwa ya ɗauko. Ankul Lim ya yafe mini, muna shan shayi tare, amma har yau bai karɓi sandarsa ba, kuma duk Lahadi ina ganinta a hannun Ravi. Hadiza kuwa, ko baƙi muka yi, lemon kwalba take saye.