Gurnanin da Na Ji a Sabon Faifai

Shekarar da soja suka miƙa mulki, maƙwabcina a Gyaɗi-Gyaɗi, Malam Bitrus, malamin makaranta ɗan Filato, ya kira ni in yi masa alƙalanci. Yana da tsohon faifan garmaho na kiɗan Turawa, mai jita da ganguna, tun yana saurayi. Ga shi ya sayo sabon bugunsa a faifan sidi, wai an wanke sautin. In sabon ya fi, zai kyautar da tsohon.

Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, Allah ya sani. Amma kunnen da ya daɗe yana gyara wa ɗalibai karatu, na ɗauka babu abin da zai ɓuya masa.

Muka saurari tsohon. Da aka sa sabon, na lumshe ido, na ɗaga yatsa.

"Bitrus, ka ji wannan gurnanin na ƙasa-ƙasa? Babu shi a tsohon, yanzu suka tono shi. Nan gwanintar take. Ba da tsohon kawai."

Ya kasa kunne. "Gaskiya, Malam, ban taɓa lura ba."

Ina tsaka da bayani aka ɗauke wuta. Kiɗa ya tsaya cak. Gurnanin bai tsaya ba.

Matarsa, Maman Ladi, ta leƙo. "Malam, ai injin markaɗena ne na tayar a bayan gida. Da fetur yake aiki."

Bitrus ya rungume tsohon faifansa, yana dariya har da hawaye.

Har yau, duk sanda ta tayar da injin, sai ta ƙwala kira ta katanga: "Malam, a ƙara maka ko ya isa?"