Ranar da Na Buɗe Talabijin ɗin Alhaji Rasaki

Tun ina aji uku aka laƙaba mini Farfesa a layinmu na Fagge, kuma tun lokacin bakina ya kasa furta "ban sani ba".

Ranar da sojoji za su miƙa mulki, ina ajin ƙarshe a jami'a, maƙwabta suka cika falon Alhaji Rasaki don kallon rantsuwar sabon shugaban ƙasa a talabijin. Ana gab da farawa hoton ya ɗauke.

Wani ya ce a ɗauko mai gyara daga Sabon Gari.

Alhaji ya ce, "Ba ga Farfesa a zaune ba?"

Ni tarihi nake karantawa. Amma na nemi sukudireba cikin natsuwa, na buɗe bayan akwatin, na jera kusoshin a faranti daga dogo zuwa gajere. Kowa yana kallona da girmamawa. Na taɓa wata jar waya. Hayaƙi ya tashi, falon ya cika da ƙauri.

A lokacin ne Hajiya, matar Alhaji, ta leƙo ta ce iska ce ta kayar da eriya. Na rasa inda zan sa idona.

Ba wanda ya ga rantsuwar. Har yau in na gaishe shi, Alhaji yakan ce, "Farfesa, mu fa a gidan nan har yanzu soja ke mulki."