Ranar da na kira sunan surukina a zaure

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar mijina a Buji ba, ko na so in manta ma dangin miji ba za su bari ba. Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci ce. Muna zaune a unguwar Takur a Dutse, maigidan yana aiki a sakatariya, ni kuma ina fama da ɗanmu na fari, wanda ya isa shiga firamare amma bai taɓa cewa "Umma" ba.

Sunansa Isyaku, sunan surukina aka mayar masa. Kun ga kunya biyu ke nan a kaina, ga ɗan fari, ga mai sunan uban miji. Don haka kowa da yadda yake kiransa, wannan ya ce Abba, wancan ya ce Baffa, ni kuwa "kai yaro" nake cewa (wai ni mai tarbiyya). Ko ɗaya ba ya waiwayowa. Ba ya kallon idon mutum, in injin markaɗen maƙwabta ya tashi sai ya toshe kunne ya yi ta kaɗa jiki.

Wata likitar yara a Kano ce ta ce mana lalura ce da ake haihuwar yaro da ita, otizim, kuma babu allura ko ƙwayar da ke cire ta. Ta ce, "Hajiya, yawancin aikin a hannunki yake. Suna ɗaya za ku riƙa kiransa da shi, na yanka. Magana gajera. Ki nuna masa abu, ki faɗi sunan abin. Kada lokacin ci da na barci ya riƙa canjawa, ki raba shi da hayaniya, in ya yi daidai ki yaba masa."

Haka na riƙa rufe ƙofa da taga ina raɗa sunan kamar mai sayar da kayan sata. Aka ɗauki watanni kafin ya fara juyowa. Da damina ta faɗi, wata rana ya ja hannuna zuwa randa ya ce "ruwa". Na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode Allah.

To, a Buji akwai Gwaggo Tabawa, ƙanwar surukina, wadda tuntuni ta yanke hukuncin cewa mutanen ɓoye ne suka shafe shi. Ashe ta gama shiri da wani mai ruƙiyya, za a bar masa yaron a gidansa sai ya warke. Ni ba na ja da ayar Allah, kullum da asuba ina yi wa ɗana tofi. Amma wannan mutumin da lasifika yake aiki, da kaskon hayaƙi mai barkono.

Ranar ɗaurin aure na ajiye yaron a wani ɗaki mara hayaniya yana jera murafen kwalba, na tafi taya mata tuƙin tuwo. Ina cikin tuƙi na ji ihunsa daga zaure.

Ku sani, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da surukina ba. Amma sai ga ni tsakiyar zaure cike da maza, ba mayafi, ɗankwali ya zame, muciya a hannu. Samari biyu sun danne yaron, mai ruƙiyyar ya kafa masa lasifika a kunne yana cewa "Fita", hayaƙi ya turnuƙe. Surukina yana kan buzu. Mijina kuwa, wanda da kunnensa ya ji bayanin likita, yana gefe yana nazarin takalminsa.

Na ce su sake shi, ba wanda ya kula ni. Yaron ya runtse ido yana cizon hannunsa har jini ya fito. Na san abu ɗaya ne zai kai gare shi. Na buɗe baki a gaban mai sunan na ce, "Isyaku. Isyaku, zo."

Mai ruƙiyyar ya sauke lasifikar. Yaron ya buɗe ido, ya fizge, ya zo ya cusa kansa cikin zanina.

Gwaggo ta leƙo daga ƙofar cikin gida tana salati. "Sunan Yaya a bakinta, gatsal haka? Wannan ai ita ya kamata a fara yi wa karatun."

Mai hankali a nan za ta tsaya. Ni kuwa na juya kan mai ruƙiyya na ce, "In aljani ne a jikinsa, to ni ce uwar aljanin, bismilla ka fara da ni." Ina faɗa ina nuna shi da muciya, sai wani curin tuwo ya tashi ya sauka a gaban babbar rigar surukina. A lokacin hankalina ya dawo. Na durƙusa, kuma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ina wuni." (Ko hantsi bai gama dubawa ba.)

Tsohon ya ɗauke tuwon da yatsa. Ya ce, "Tun da aka yanka wa yaron nan rago, yau na fara ganin ya amsa kira. Malam, kashe kaskon nan. 'Yar nan, ɗauki ɗanki ku koma Dutse, ba inda za a bar shi." Har na miƙe ya ƙara da cewa, "Amma in za ki sake kiranmu, ki ajiye muciyar."

A mota maigidan ya ce na kunyata shi. Na ce shi ya riga ni, kuma har yau ban janye ba. Yaron ya yi makonni bai sake cewa "ruwa" ba, sai da muka koma farko, kuma wannan ne abin da ban yafe wa Gwaggo ba. Ita da matan Buji har gobe Mai Muciya suke ce mini.

Abin da na koya shi ne, duk kunyar da na yi shekaru ina yi ba ta koya wa ɗana kalma ko ɗaya ba. Sai dai in rashin kunya ya zama dole, yana da kyau mace ta fara duba abin da ke hannunta.