Yadda Za Ka Gayyaci Jami'a da Kalma Ɗari Ba Ka Saɓa wa Babba Ko Ɗaya Ba

Kai sakataren ƙungiyar ɗalibai, matso kusa. Ka ji dokar jami'a ta ce ƙungiya ba ta tura imel ga ɗaukacin ɗalibai sai sau ɗaya a zango, kalma ɗari ba ƙari, ba maganar abinci, kuma sai ofishin kula da ɗalibai ya sa hannu? Kwantar da hankalinka. Ni da na shekara bakwai a jami'ar nan ina karatun shekara huɗu, babu dokar da ban ga hanjinta ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari babu babban da zai yi fushi da kai. Misalinmu Fisayo ne, sakataren ƙungiyar ɗalibai 'yan garin Odo-Ela, wanda ya bi su tiryan-tiryan.

Mataki na 1: San abin da ke wuyanka

Kada ka taɓa madannai sai ka san me za ka rasa. Su Fisayo ofis ya riga ya gargaɗe su: shekara biyu suna karɓar zaure don bikin Ranar Odo-Ela, kujeru ne kawai ke halarta. Bana idan zaure bai yi rabi ba, za a soke ƙungiyar. Ƙungiyar nan kuwa Baba Ogundiran ne ya kafa ta tun yana ɗalibi mai gashi a kai, kuma shi ne aminin mahaifin Fisayo. Ka ga ke nan in ta mutu a hannun yaron, har gida zai je ya yi bayani a kwance rub-da-ciki. Tsoro ya kama shi ƙwarai, kuma tsoron nan shi ne jarinka.

Mataki na 2: Sami saƙo mai kyau, don ka sami abin ɓatawa

Morenike, shugabar ƙungiyar, 'yar ajin ƙarshe da ba ta son dogon zance, ita ta fara rubutawa. Ta ce a zo ranar Asabar da azahar, ƙaramin zauren bayan ɗakin karatu, akwai kalangu da rawa, shiga kyauta. Kalma talatin, an gama.

Fisayo ya karanta, ya dube ta kamar ta zagi tsohuwarsa.

"Anti, ina gaisuwa?"

Ta ce masa ɗalibai ake gayyata, ba dattawa ba. Ya ce ai dattawan ma 'ya'yansu za su karanta musu. Ta ɗauki jakarta za ta ɗakin gwaji, ta ce: "Ka gai da wanda ka ga dama, har akuyar garinku. Amma kome za ka cire, ka bar mini rana da wuri."

Riƙe wannan magana da kyau, nan gaba za ka buƙace ta don ka saɓa mata.

Mataki na 3: Gai da kowa, da cikakken sunansa

Babba ba a kiran sunansa tsirara. Baba Ogundiran yana da sarauta biyu da digirin girmamawa, duk ka jera. Alhaja Sikiratu, wadda za ta kawo amala da miyar ewedu da naman akuya, ka yi mata sannu da ɗawainiya, da sannu da jiya, da sannu da shekaranjiya. Tunda doka ta hana ambaton abinci, sai ka ambaci mai abincin, masu hankali za su gane. Kada ka manta da fasto da limamin gari, kowannensu da addu'ar tsawon rai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle waɗannan da ba wada a cikinsu.

Mataki na 4: Nuna wa babba ɗaya, a asirce

Fisayo ya tura wa Baba shi kaɗai, ya roƙe shi kada kowa ya gani. Kafin ya gama cin alalar da ke gabansa waya ta fara kuka. Alhaja na tambaya tun yaushe fasto ya fara dafa wa ƙungiya abinci da har sunansa ya riga nata. Fasto ya kira cikin sanyin murya, ya ce shi ba ya neman girma a duniya, sai dai matarsa ce ba ta ga sunanta ba. Baba kuma ya tuna ashe sarautarsa uku ce. Duk wanda ya kira, ka tsuguna ko da ba ya ganinka, ka ce an gyara. Saƙo ya doshi kalma ɗari da hamsin.

Mataki na 5: Yanke, amma kada wuƙa ta taɓa babba

Cire kalangu, cire rawa, cire shiga kyauta. Ai ba su da waya balle su kira ka. Sa'an nan ka kai ofis ranar Juma'a, ana gobe biki, don ba abin da ke kaifafa basira irin fafe gora ranar tafiya.

Madam Ajibade ce mai sa hannu. Fisayo ya zube ƙasa ya gaishe ta, ta ce ya tashi, ta sauke tabarau kan hanci ta shiga ƙirga da bakin biro. Ɗari cif. Har ya fara murmushi, sai ta ɗago.

"Ɗana, na ga an gai da kowa. Madalla. Ashe har matar fasto."

Ta ci gaba da kallonsa ta saman tabarau. Gumi ya karyo masa. Nan take ya rubuta mata gaisuwa ta ƙasaita, da sannu da aiki, da Allah ya ja kwana. Ta sake ƙirgawa, ta ce layi guda ya yi yawa, ga shi lokacin tashi ya yi.

Fisayo ya dubi sarautun Baba, ya tuna mahaifinsa. Ya dubi sannun Alhaja uku, ya tuna muryarta. Ya gangaro layin ƙarshe, mai rana da wuri, ya ce a ransa wa ma bai san Ranar Odo-Ela ba? Ya goge. Madam ta karanta sau biyu, ta fi daɗewa a wajen sunanta, ta sa hannu.

Mataki na 6: Yi ihu bayan hari

Saƙo ya shiga wayar kowane ɗalibi. Amsoshi suka yi ta zuwa: wasu na tambaya ko rasuwa aka yi, wani ya ce a miƙa masa gaisuwa ga Alhaja. Morenike ta same shi a ƙofar ofis, ba ta zage shi ba, wallahi gara ma zagin. Cewa ta yi kawai, "Akuyar fa, ka gaishe ta?"

Ya koma ya kwanta a gaban Madam har rigarsa ta share mata daɓe. Ta tausaya masa ƙwarai, ta ce doka doka ce, ya dawo zango mai zuwa. Ya nemi liƙa takarda a bango, aka ce sai da hatimi, mai hatimi kuma ya tafi biki tun azahar. Ya tura wa 'yan ƙungiya ta waya, su da ma sun sani, kuma duka-duka ba su cika benci biyu ba.

Mataki na 7: Karɓi yabonka

Asabar dattawa suka iso cikin bas guda, an sha anko, goggoro na gogar rufin mota. Masu kalangu suka yi ta yi wa kujeru kirari. Wakilin ofis ya zo ƙirga ɗalibai, ya gama da yatsun hannu da na ƙafa, ya zauna ya ci amala malmala biyu, don mutum ne mai tausayi. Fisayo na tsaye a bakin ƙofa yana leƙen hanya, baƙin ciki kamar ya haɗiye zuciya.

Sai Baba ya miƙe da saƙon, an buga masa a takarda har an sa mata leda. Ya karanta daga farko har ƙarshe, ya maimaita wajen sarautunsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Tun da na kafa ƙungiyar nan ban ga yaro mai tarbiyya irin wannan ba. Zo nan, ɗana."

Fisayo ya zo ya kwanta. Aka yi tafi, Alhaja ta juye masa nama har yana zuba daga kwano. Ranar Litinin aka soke ƙungiyar. Har yau a Odo-Ela, in ana faɗa wa yaro ya koyi ladabi, da Fisayo ake misali: sakataren da ya fi kowa iya gaisuwa, kuma na ƙarshe.

Gargaɗi: Alkawarina shi ne babu babban da zai yi fushi da kai, kuma na cika. Ban taɓa cewa wani zai zo ba. Ƙungiyar da ta mutu, da abincin da ya kwana, da shugabar da ta daina amsa gaisuwarka, duk ba ruwana, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Mai ƙorafi ya zo ya same ni, in ya san rana da wuri.