Rasuwar Mahauciya, Kwamfutar da Aka Kashe da Ƙafar Kujera

Da zuciya mai cike da baƙin ciki Auta ke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutarta, wadda gida ya sani da Mahauciya. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi da rana tsaka, a kan teburin ɗakin Yaya.

Marigayiya kyauta ce daga Goggo. Auta na koyon ɗinki a cikinta lami lafiya, har Yaya ya are ta don aikinsa na kammala jami'a, wanda zai kare a gaban malamansa ranar Litinin. Aikin nan kiwo ne. Yana ƙera ƙananan ƙwaƙwale na manhaja a cikinta, garke guda, waɗanda ba su da baki sai tartsatsin lantarki. A nuna musu lamba da aka rubuta da hannu, wanda ya gane ya yi tartsatsi. Marigayiya ta ware waɗanda suka kuskure ta yanka, ta haɗa ragowar su hayayyafa, ta dawo ta yanka 'ya'yan. Da wannan sana'a ta samu sunanta. Ba ta da sani ba ta da sabo. Tana aiki tana huci, "fuuu", in yanka ya yi yawa ta ƙara da "ƙir-ƙir-ƙir", jikinta ya ɗau zafi har kyanwa ta zo ta kwanta a gefenta.

Ajalinta ya zo ta hanyar biyayya. Yaya ya kafa mata doka cewa duk wanda ya yi kuskure a yanka shi, amma ya manta cewa wanda ya yi shiru ba a kama shi da kuskure. Jarumai masu gwadawa suka ƙare a wuƙa, matsorata suka yi jikoki. Yaya kuwa yana ganin kuskure na raguwa, yana ta cika baki a tsakar gida. Ranar da ya zauna gwajin ƙarshe, ya nuna bakwai, shiru. Ya nuna uku, shiru. Garken duka bebaye ne.

Mari Yaya ya fara yi mata. Ya bi da naushi, madannanta suka watse a ƙasa kamar haƙora. Ya ɗaga ta ya maka da bango, ta faɗi da rai, tana haske. Sai ya ɓalle ƙafar kujera ya yi ta jibga har fuskarta ta tarwatse. Auta na tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Marigayiya ta ce "tiiit" sau ɗaya, ta cika. Garken ya bi ta, domin Yaya bai ajiye kwafi a ko'ina ba.

Ta rasu ta bar caja marainiya, da linzamin kwamfuta mai karyayyen wuya, da kyanwa da ke ta shinshina teburin. Akwai kuma Yaya, da bandeji a hannu.

Mai gyara ya duba gawar, ya girgiza kai, ya haɗa sassanta a buhu. Baba ya yanke hukunci cewa wanda ya yi kisa shi zai ɗauki gawa. Saboda haka za a fita da ita ranar Litinin da safe, Yaya ya ajiye ta a gaban malamansa ya yi musu bayani da bakinsa, daga nan a wuce da ita wurin 'yan gwangwan. Auta za ta karɓi gaisuwa a gida. Tana roƙon Goggo kada ta aiko da wata muddin Yaya na gidan.